Sunan wa ke jikin bangon aikin?

Masu tambayata a inbos me ya sa ba su ga sunana a jerin waɗanda suka yi difens makon jiya ba, ga amsarku a nan, don na gaji da maimaitawa ɗaya bayan ɗaya. Rubutun yana da ɗan tsawo, amma in kana digiri na biyu, ko kana shirin shiga, ka daure ka kai ƙarshe.

Aikina a kan ruwan sha ne da gudawar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a wasu unguwannin cikin garin Bauchi. Tun kwalarar 2021, wadda jiharmu na cikin waɗanda suka fi shan wuyarta, nake da wannan tambayar a raina. Ni da mataimaka 3 muka yi wata biyu muna shiga gida-gida da waya a hannu, muna tambayar iyaye mata: daga ina kuke ɗibar ruwa, rijiya ko burtsatse ko 'yan garuwa? Yaro ya yi gudawa cikin mako biyun da suka wuce?

Duk kayan aikina na kyauta ne. Da R nake lissafi, da QGIS nake zana taswira, Zotero ke riƙe min littattafan da na duba. Irin manhajojin nan ne da ake cewa masu buɗaɗɗen tushe, wato wanda ya rubuta su ya bar asalin rubutun a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya yi amfani ba tare da ya biya sisi ba. Kuma wallahi ina alfahari da hakan. Nakan yi wa 'yan ajinmu dariya, masu zuwa shagon kwamfuta a bakin get a zuba musu fasasshiyar manhaja daga filashin da ya zaga laftof ɗari. Nakan ce musu ni nawa halal ne.

Saura kwana 9 difens, an ɗauke wuta a unguwarmu ta Yalwa, na tafi wajen mai caji na zauna a benci. Da na samu caji da 'yar data sai na ce bari in sabunta kayan aikina, tunda rabona da yi an kai wata 8. Na sabunta, na sake tura lissafin babi na huɗu don in fitar da tebura masu tsabta. Sai lamba ta canza. Adadin da ke nuna ko bambancin da ka gani na gaske ne ko sa'a ce kawai, wanda a da yake 0.03, ya koma 0.21. Duk wanda ya yi darasin ƙididdiga ya san ma'anar wannan. Babban sakamakona, cewa yaran gidajen da ke shan burtsatse sun fi tsira daga gudawa nesa ba kusa ba, ya narke ina kallo.

Sai da na kai ƙarfe biyun dare kafin na gano bakin zaren. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙari da na sauke, wanda ke kwaso amsoshi daga wayoyinmu ya jera su cikin tebur. Tsohon zubinsa yana da kuskure: duk gurbin da aka bari fanko, sai ya cike shi da sifiri. A tsarina kuwa sifiri yana nufin yaro bai yi gudawa ba. Ɗaya daga cikin mataimakana ya tsallake wannan tambayar a gidaje da dama, kuma akasarin gidajen da ya zaga masu burtsatse ne. Ka ga ke nan manhaja ta ba yaran da ba a ma tambayi lafiyarsu ba shaidar ƙoshin lafiya. Sabon zubin ya gyara kuskuren, shi ya sa gaskiya ta fito.

Cikin fushi na rubuta wa mai ƙarin saƙo, wanda yanzu ina jin kunyarsa. Washegari ya amsa cikin ladabi. Ya ce shi malamin makaranta ne a ƙasarsu, da daddare yake taɓa aikin in yara sun yi barci, ba wanda ke biyan sa. Ya nuna min inda wani ya kai rahoton kuskuren wata 6 da suka wuce, ya gyara cikin kwana 2, ya kuma rubuta gargaɗi a shafin farko. Ni ne ban leƙa ba. Ya ba ni haƙuri, sannan ya tambaye ni ko akwai abin da zai taimaka da shi.

Na koma na karanta lasisin da ban taɓa buɗewa ba. Kusan duk irin waɗannan manhajoji magana ɗaya suke yi, galibi da manyan baƙaƙe: ga kaya nan yadda yake, babu garanti, in ya jawo maka asara babu ruwan wanda ya rubuta.

To a nan ne abokina ya kawo shawara. Muna cin masa a Wunti ya ce, “Kai mutumina, wa ya sani? Ka mayar da tsohon zubin mana. Malam ya riga ya sa hannu a babin, na waje kuma ba zai buɗe laftof ɗinka ba. Ka karɓi takardarka, in ka zama dakta ka yi gaskiyar.” Ba zan yi muku ƙarya ba, na kwana biyu ina juya maganar. Kuɗin makaranta na wani zangon, kuɗin haya, da mahaifiyata da ta riga ta gaya wa 'yan uwa na kusa gamawa, duk sun tsaya min a wuya.

Abin da ya hana ni shi ne wata tsohuwa da ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta ce in dai rubutun nan zai sa a gyara musu ruwa, to mu tambaye ta komai. Da wane ido zan kai wa hukuma shawarar da na san lambar cikinta ba ta tsaya da ƙafarta ba?

Na je ofishin Malam da laftof a hannu, na fara da cewa, “Ranka ya daɗe, manhajar ce ta yi kuskure.” Ya bar ni na gama zuba. Sai ya ɗauko kundin nawa daga kan tebur, ya juyo min da bangon ya ce, “Karanta min sunan da ke nan.” Na karanta. Ya ce, “To ban ga sunan manhaja ba. Kai ka ba ta amana, kai za ka amsa. Amma da ka ɓoye, da sunana ma ka jefa cikin rami. Je ka koma gidajen nan ka cike guraben.” Shi ke nan, aka ɗaga difens ɗina zuwa zango mai zuwa.

Tun daga ranar nake karance-karance a kan wa ke ɗaukar alhaki in manhaja ta yi ɓarna, sai na ga ashe nawa wasan yara ne.

A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya bayyana cewa ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa yana ƙara ɗaukar kamar rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar an dasa ƙofar baya a cikin XZ Utils, wata 'yar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana kula da ita a matsayin aikin sa kai, har ya taɓa rubuta cewa ƙarfinsa ya ragu. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara 2 yana taimaka masa har ya samu yarda, sannan ya dasa abin. Da ba a kama da wuri ba, da ya shiga manyan kwamfutocin bankuna da gwamnatoci a faɗin duniya.

Kafin nan an yi na Log4j a Disamba 2021, inda rami ɗaya a wata manhaja da 'yan sa kai ke riƙe da ita ya hana manyan kamfanonin duniya barci. An yi na Heartbleed a Afrilu 2014 a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, aka kuma gano cewa gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Sai bayan ɓarna ta auku ne manyan kamfanoni suka haɗa asusun tallafi.

Ni da na yi wata biyu ina leƙa rijiyoyi, abin ya yi min kama da wanda na sani. Wani bawan Allah ya haƙa rijiya a ƙofar gidansa sadaka. Unguwa na sha, 'yan garuwa na ɗiba, har mai tanka ya zo yana cikawa yana kaiwa otal yana sayarwa. Ba wanda ya taɓa kawo buhun siminti a gyara bakinta. Ranar da ruwan ya gurɓace, sai kowa ya nufi gidan mai rijiya da zagi, har da mai tankar. A ganina wanda ya ɗebi kyauta ya zuba a mazubinsa ya sayar, shi ya fi cancanta ya gwada ruwan, ya kuma amsa in an sha an kwanta. Tarayyar Turai ta kama wannan hanyar a dokarta ta tsaron kayan dijital da ta fara aiki a Disamba 2024: nauyin yana kan mai sayar da kaya, ba kan ɗan sa kai da ba ya neman riba ba.

Kada kuma wani ya ce ai maganin shi ne a koma wa ta kuɗi. A ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura sabuntawa mai kuskure, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 suka tsaya cak, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Wannan manhaja ce ta kuɗi mai tsada, rufaffiya. Bambancin kawai shi ne akwai ofishi da adireshin da za a kai wa sammaci, kuma kamfanin jiragen Delta ya kai. Amma ni da kai da ke Gwallameji ko Gubi, wane lauya za mu ɗauka?

A wannan ranar dai, 19 ga Yuli 2024, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Nijeriya, FCCPC, ta ci kamfanin Meta, mai wannan dandalin da nake rubutu a kai da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya. Kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a Afrilu 2025. A wata shari'ar kan tarar da hukumomin ƙasar nan suka ɗora masa, kamfanin ya ce abin zai iya tilasta masa rufe Facebook da Instagram a Nijeriya. Ku duba fa: ƙasa guda ce ta nemi a ba ta amsa, aka nuna mata ana iya naɗe tabarma. Ina ga ɗalibi?

Wannan ya sa na waiwayi kaina ta wani ɓangaren. A cikin teburin nan nawa akwai lambobin waya da taswirar ƙofar gidajen mutane, da bayanin rashin lafiyar 'ya'yansu. Na tura shi a guruf ɗinmu na mataimaka. Na ajiye kwafi a ma'ajiyar intanet ta kyauta. Akwai daren da na kusa liƙa shi gaba ɗaya a manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta gyara min tebur. Alhali takardar neman izini da na karanta wa matan nan da bakina ta ce ba wanda zai ga bayanansu sai masu binciken. Dokar kare bayanai ta ƙasa da aka sa wa hannu a Yuni 2023 ba manyan kamfanoni kaɗai ta sani ba, ta shafi duk mai tara bayanan mutane don aiki irin wannan. Ko babu doka ma, amana ce.

Ban bar buɗaɗɗiyar manhaja ba, kuma ba zan bari ba. Don tana buɗe ne na iya gano inda kuskuren yake cikin dare ɗaya. Da rufaffiya ce, ko fasasshiyar bakin get wadda ba ta karɓar gyara, da na kare ƙarya a gaban malamai ban sani ba. Ƙasar nan ma a kanta take tafiya: DHIS2 da ake tara alƙaluman asibitoci da ita, da SORMAS da hukumar NCDC ke bin cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da ita, duk masu buɗaɗɗen tushe ne. Kyauta ce, amma ba ta ɗauke maka aikin dubawa.

Ga abin da nake yi yanzu, ko zai amfani wani. Ina rubuta lambar zubin kowace manhaja a babi na uku. Ina karanta bayanin gyare-gyare kafin in sabunta da bayan na sabunta. Ina ɗaukar gida 20 in lissafa da hannu in gwada da abin da kwamfuta ta ba ni. Ina ƙirga guraben da ke fanko kafin komai. Na cire sunaye da lambobin waya na ajiye su daban a kulle. Na kuma sake rubuta wa malamin nan na ba shi haƙuri, na fassara masa bayanin amfani da ƙarin nasa zuwa Hausa, tunda abin da nake da shi ke nan.

Ranar Asabar zan koma unguwannin da takardar tambayoyi. Mai babur ɗin da zai ara min na yini biyu ya yi min magana, man a kaina. Ku kuma 'yan babi na huɗu, don Allah yau ku buɗe teburinku ku ƙirga sifirin da ke ciki. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya fitar da mu lafiya.