Baƙi a Ƙauyen Kogi

A can ƙasar Kolambiya, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani babban dutse kusa da bakin teku, ana ce da shi Siyara Nebada ta Santa Marta. Tsawonsa ya fi ƙafa 18,000, har ƙanƙara ba ta rabuwa da ƙwanƙolinsa. A jikin dutsen nan wata kabila ke zaune, sunanta Kogi. Kada yaro ya ji sunan ya zaci Jihar Kogi ta Nijeriya ake nufi, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Kakanninsu su ne mutanen Tairona. Da Turawan Sifen suka kafa garin Santa Marta cikin 1525, sai aka yi ta yaƙi shekara da shekaru. Waɗanda suka tsira suka haye dutse, suka nisanci baƙi. Har yanzu jikokinsu suna kiran kansu Yayye, sauran mutanen duniya kuwa Ƙanne. A ganinsu ƙane ba ya jin magana, yana ta sare daji, yana haƙe ƙasa.

To, ga shi yau ƙannen nan suna ɗokin zuwa ganin gidan yayyensu. Waɗansu ƙauyuka sun yarda, amma da sharaɗi. Baƙo ba ya shiga sai da jagora, kuma sai manya sun ba da izini. Babba a cikinsu shi ne malaminsu, wanda suke kira Mamo. Tun yana jariri akan zaɓe shi, a raine shi cikin duhu har shekara 9, ana koya masa ilmin kakanni.

Baƙo yakan hau da ƙafa ko a kan alfadari, ya ƙetare rafuffuka, sa'an nan ya tarar da ɗakuna masu kewaye, da jinka ta ciyawa ko ganyen kaba. Sau da yawa yakan iske ƙauyen tsit, ya yi mamaki. Dalili kuwa, mutanen a gonakinsu suke kwana, suna noman rogo da ayaba da masara da rake. Ba su taruwa a ƙauye sai don shawara ko biki. Kowa fararen tufafi yake sawa, ga jaka a rataye, wadda mata ke saƙawa da hannu. Kowane magidanci yana riƙe da 'yar gora mai suna poporo, alamar ya zama mutum. Ba abin wasa ba ce, kuma ba a ɗaukar hoton mai ita sai an roƙe shi.

Me ya sa suka buɗe ƙofa? Suna bukatar gishiri da adda da magani. Babban burinsu kuma shi ne su fanshi ƙasar kakanninsu, ƙasa kuwa ba ta sayuwa sai da kuɗi. In baƙo ya biya jagora, ya sayi jaka a hannun wadda ta saƙa ta, kuɗin ya zauna a ƙauye ke nan.

Amma baƙi suna da nasu ɓarna. Wani ya miƙa wa yara alewa, har su koyi roƙo. Wani ya yar da leda a rafi. Wani ya hau duwatsun da suke girmamawa, don kawai a ɗauke shi hoto. Wannan kam rashin kunya ce.

Akwai wani tsohon gari na Tairona mai suna Pueblito, inda 'yan yawon buɗe ido suka daɗe suna tururuwa. Kogi da maƙwabtansu suka ce an ishe su, wurin nan mai tsarki ne. Hukuma ta saurare su. Cikin 2019 aka rufe shi ga baƙi.