Ƙoƙon Maɗi Ɗaya a Lambara

A ƙarshen kakar bara ne ɗaurin auren ƙanen wani abokina ya kai ni Lambara. Mun bar Sakkwato da hantsi, muka ɗauki hanyar da ta nufi Shagari da Tambuwal. Wanda ya san tarihi ba ya ratsa ƙasar Boɗinga ba tare da ya yi tunani ba, domin a nan Sifawa take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma a Boɗinga ne ƙanensa Malam Abdullahi ya yi zama. A ranar kuwa gonaki na riƙa kallo ta tagar mota: an girbe gero an ɗaure dammuna, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran lauje, ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran mai saye.

Bayan an shafa fatiha an raba goro, abokina ya ja ni cikin gida don mu gai da kakarsa, wadda kowa ke kira Inna. Muka durƙusa a ƙofar ɗakinta muka gaisa. Da ta ji cewa baƙo ne daga birni, sai ta aiki wata jikanya ta jawo wani ɗan tulu daga ƙarƙashin gado, an rufe bakinsa da ƙoƙo an ɗaure da tsumma. Ta sa ludayi ta ɗebo wani abu baƙi ƙirin, mai kauri kamar zuma, yana zuba a hankali kamar ba ya son barin ludayin. Ta ƙara masa ruwan randa, ta motsa, ta miƙo mini.

"Maɗin ɗunya na, ɗana," in ji ta, da harshenta na Sakkwatanci. "Sha sannu. Wanga ba a yi mai gaggawa."

Na girma ina jin ana cewa abu ya yi zaƙi kamar maɗi, amma sai a ranar na fara riƙe shi a hannuna. Ƙanshinsa ne ya fara iso ni: hayaƙin murhu, da wani ƙanshi irin na ƙasar da ta sha ruwan farko, wanda na gane daga baya cewa na tulun ne. Da na kurɓa, zaƙin bai daki harshe ba kamar yadda sukari ke yi. Ya zo a hankali, mai nauyi, sannan wani ɗan ɗaci irin na ƙanzo ya biyo shi, a ƙarshe kuma bauri ya kama gefen baki kamar na goro. Na ajiye ƙoƙon muna hira, amma ɗanɗanon na nan a maƙogwaro har muka yi sallar la'asar. Rabin ƙoƙo ya ishi babban mutum.

Na tambayi Inna yadda ake yin sa. Ta ce sai ɗinya ta nuna ta yi baƙi ta fara faɗuwa da kanta ake tsinto ta. A wanke, a murje, a zuba a kwando a riƙa bi da ruwa ana tacewa ana maimaitawa, har ruwan ya kwashe duk zaƙin ya bar ƙwallo da ɓawo. Daga nan a ɗora tukunyar ƙasa tun safe, ana iza wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa da muciya, har ruwa mai yawa ya ƙone ya koma kaɗan. Idan wuta ta yi yawa ya ƙone ya yi ɗaci, idan aka sauke da wuri ba zai ajiyu ba. Mai kaurin yana daɗewa a tulu, don yawan zaƙinsa shi ke hana shi lalacewa. Wanda aka tsinka da ruwa kuwa, ta ce, na ranar kawai take haɗawa, domin idan ya kwana biyu yakan juya ya yi tsami, ita kuma ba ta ba kowa abin da ke da shubuha.

A kan hanyar komawa na tuna wani abu da na taɓa karantawa. Tun a ƙarni na 18 masu yin giya a Landan ke dafa wata baƙar giya mai ƙarfi suna aika ta Rasha, har fadar sarauniyar ƙasar. A zamanin nan ƙananan masana'antu a Amurka sun farfaɗo da ita, suna zuba ta cikin gangunan katako ta yi watanni ko shekara tana ɗaukar ƙanshin itacen, masu shan ta kuma suna layi su saya da tsada, su rubuta dogayen bayanai a kan ɗanɗanonta. Giya haramun ce a wurinmu, jiharmu ma na cikin waɗanda suka ƙaddamar da shari'a a 2000, don haka babu abin sha'awa a cikin kwalbar. Abin lura shi ne yadda mutanen suka ɗaukaka ƙaramin mai sana'a, suka mai da haƙurinsa da mazubinsa abin alfahari. Mu kuwa muna da namu baƙin abin sha, halal tsantsa, wanda tulu ya ba ƙanshi, amma yana ɓoye a ƙarƙashin gadon tsohuwa.

Kada kuma a ce bakinmu ne ya daina son irin wannan ɗanɗano. A wurin ɗaurin auren nan, katan-katan na lemon malta aka raba wa manyan baƙi, shi ma baƙi ne mai zaƙi da kauri. Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin abin sha suka koma ga dawa, wadda yawancinta manoman Arewa ke nomawa. Ke nan dawarmu ke tafiya a buhu da araha, ta dawo mana a gwangwani da tsada, mu karɓa hannu bibbiyu.

Abin da ya fi damuna shi ne amsar da Inna ta ba ni da na tambaye ta wa ya koya a wurinta. Ta yi dariya ta ce jikokinta garin lemo na leda suka sani, a zuba a ruwa a kaɗa, an gama. Sannan ta ce ko da sun so koyo, ina ɗinyar? A zamanin ƙuruciyarta, in ji ta, a bakin fadama suke tsinta har su gaji. Yanzu sai an yi tafiya mai nisa kafin a tarar da itace guda, kuma wannan tulun daga wata tsohuwar ɗinya ya fito wadda mai gonar ya hana a sara. A nan ne buhunan gawayin da na gani da safe suka dawo mini. Ba na zargin mai gawayi shi kaɗai, domin mu mutanen birni ne ke saye, talauci kuma ba ya barin mutum ya dubi shekara ashirin gaba. Amma itaciyar da ta ba mu maɗi da alewa, ta ba mu ɗinkin na kwaɗo, ta ba almajirai tawada daga ganyenta, ta fi ƙarfin a sayar da ita a buhu biyar.

Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin nan na katangar bishiyoyi ya shafa, kuma kowace damina ana rabon dashe. Sai dai galibi dogonyaro da turare muke gani. Me zai hana wuraren renon dashe su haɗa da ɗinya da kanya da ɗorawa da tsamiya, itatuwan da manomi zai kare da kansa domin yana ci daga gare su? Me zai hana ɗaliban noma a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su je su zauna gaban irin su Inna, su rubuta yadda ake yi, su gwada yadda za a zuba shi a kwalba mai tsafta? Matasanmu sun riga sun nuna ana iya yin haka da zoɓo da kunun aya da fura. Hakimai da dagatai su ma suna da ikon cewa itace kaza ba a taɓa shi, kamar yadda magabatansu suka yi.

Da za mu taso, Inna ta ɗura mini kaɗan a wata gorar roba, tana ba ni haƙuri cewa a roba ba zai yi daɗin na tulu ba. Gaskiya ta faɗa. Duk da haka na raba wa 'ya'yana cokali-cokali, ƙaramin ya lashe baki ya tambaye ni a wane kanti ake sayarwa. Na ce masa babu, sai Lambara, sai kuma in Allah ya kai mu kaka mai zuwa, ita da ɗinyar suna nan. Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya ba mu ikon dasa abin da jikokinmu za su tsinta.