Tsofaffin Direbobin Yako da Fim Ɗin da Ba Mu Yi Ba

Mai karatu, don Allah ɗan yi mini wani lissafi. Tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa finafinai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube yau, fim nawa ka kalla wanda direban babbar mota ne jaruminsa? Ka cire direban gidan Alhaji, wannan da ake daka wa tsawa ya russuna yana "ranka ya daɗe", ko ya kai wa 'yar maigida saƙon saurayi a ɓoye. Direban tirela nake nufi, ko na tifa, ko na tanka, mutumin da ya share shekara 30 a kan kwalta. Ni dai aikina ke nan, kallon fim da sharhi a kansa, amma yatsun hannu ɗaya sun yi mini yawa a wannan ƙidaya. Haka ma a littattafanmu na hikaya. Saurayi kullum ɗan kasuwa ne, ko likita, ko wanda ya dawo daga karatu a Ingila. Direba kuwa sai dai ya buɗe ƙofa.

Abin da ya sa maganar take ci mini rai shi ne ni mutumin Yako ne, a ƙaramar hukumar Kiru, kuma kawuna tsohon direban tifa ne. Na tashi na tarar da majalisarsu ta bayan la'asar, shi da abokan sana'arsa da suka ajiye tuƙi. A da tabarma biyu suke cikawa. Yanzu ko ɗayar ba ta cika. Wanda ba ya cikin ƙasa yana kwance a ɗaki, kuma duk wanda ya tafi da nasa labarin yake tafiya.

Kowace hira suka ɗauko, sai ta biya ta Tiga. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka datse Kogin Kano a ƙasar Bebeji. An fara aikin a 1971, aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya gallabi Arewa da Jamhuriyar Nijar. Madatsar tudu ce ta ƙasa, tsawonta wajen kilomita 6, tsayinta wajen mita 48, ruwan da take iya tarawa kuwa ya kusa kiyubik mita biliyan 2. To malam, wannan uwar ƙasa ba da ƙafarta ta zo ba. Katafila ta tara, a loda, a kawo a juye, gireda ta baje, tankar ruwa ta yayyafa, rola ta bi ta danne, sannan a sake zuba wani layin a kai. Haka ake yi, sawu bayan sawu, cikin ƙurar da kawu ke cewa idan suka tashi aiki sai da murya ake gane mutum.

Yau idan ka bi ta Kadawa da Kura ka ga shinkafa kore shar da rani, ko ka ga ana loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan za a yi Kudu da su, ruwan Tiga ne. Sai dai tsofaffin nan ba su ɓoye ɗaya ɓangaren. Ruwan ya ci gonaki da ƙauyuka, an tashi dubban mutane daga inda aka binne cibiyarsu. Ka ɗauki direba ɗaya da yake jigilar ƙasa ana biyansa lada mai kyau, alhali ya san kowace tifa ya juye tana matso da ranar da ruwa zai shafe garin su matarsa. Marubuci, me kuma kake nema bayan wannan?

Idan suka koma kan motocin da, nan ne za ka ga fuskokinsu sun washe. Bedford mai bodin katako, Leyland, Fiat, da uwa uba Marsandi ƙirar 911 mai gajeren hanci, wadda suke yabo kamar ana yabon ingarma. Sitiyarin lokacin da ƙarfin damtse ake juya shi. Sauya giya sai ka taka kuloc sau biyu kana sauraren kukan inji, in ka kuskure ta yi maka ƙara duk tasha a ji, a kuma yi maka dariyar mako guda. Da kunne suke gane ciwon mota. Ruwa ya tsiyaye a lagireto cikin daji, su san dabarar da za ta kai su gari na gaba. Suna kuma tunawa da ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da ake haɗa manyan motoci a nan gida: Steyr a Bauci, Leyland a Ibadan, Marsandi a Inugu, Fiat a nan Kano. Da Naira ta karye bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, kayan gyara suka yi tsada, sai aka koma sayen kwancen Turai. Yanzu kuwa motocin Sin irin su Howo ne suka cika hanya, tsofaffin kuma suna kallonsu suna taɓe baki, wai tuƙi ya zama wasan yara.

Akwai wata rana da babu wanda ya mance da ita a cikinsu, wato Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama. Mutum ya kwana da sabon da ya yi shekaru a kansa, ya wayi gari an juya masa titi. Motocin da ke hannu kuma sitiyarinsu a dama yake, don haka direba ya koma gefen daji, ba ya hango abin da ke tahowa idan zai wuce wata motar. Sai yaron mota ya leƙa ta tagar hagu, shi zai ce a shiga ko a dakata. Ran maigida da lodin mutane duk sun koma kan idon yaro ɗan shekara goma sha. Ka faɗa mini, wane darakta ne ba zai so ya ɗauki wannan fitowa ba?

Shi kansa karen mota labari ne mai zaman kansa. Ba a wayi gari an zama direba. Yaro zai yi shekaru yana wanke mota, yana ɗaure tamfol, yana dafa wa maigida abinci a bakin hanya, yana kwana a ƙarƙashin bodi don gadin kaya. A hawa mai tsauri irin Hawan Kibo da ke bayan Jos, shi ne zai diro da waigi a hannu yana bin taya, da zarar mota ta nuna alamar komowa baya ya cusa. Sai maigida ya gamsu da haƙurinsa sannan zai bar shi ya gyara tsayuwar mota a tasha, daga nan a kai ga lasin. Akwai duka a ciki, akwai zagi, akwai kuma maigidan da ya yi wa yaronsa aure ya ba shi ɗaki. Uba da ɗa ne waɗanda jini bai haɗa ba.

Kada ka ɗauka hirar duk daɗi ce. Waɗanda suka bi hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa, suka yi jigila tsakanin Riruwai garin kuza da Jos, suna ba da labarin yadda ake jira a taru kafin a ratsa dajin Falgore a jere, don tsoron 'yan fashi. Waɗanda suka yi Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta Jebba da Ilori, sukan yi makonni ba su ga iyali ba. An yi suna ba su nan, an yi jana'izar iyaye ba su nan, don babu wayar hannu a lokacin. Goro da shayi ne maganin barci. Yawancinsu sun sauka daga mota da ciwon baya da raunin ido, babu fansho, babu sallama, domin motar ta wani ce. Kawu ya taɓa nuna mini duk abin da ya rage masa daga sana'ar: tsohon lasin, da hoto ɗaya da ya dushe, yana tsaye a jikin tifa da hula a karkace.

Wasu sun riga mu gane darajar irin waɗannan mutane. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa direbobi waƙoƙi da dama, ciki har da ta Bawa Direba, kuma har gobe ana jin su a tashoshi. A Faransa, Henri-Georges Clouzot ya yi Le Salaire de la peur a 1953, labarin mutum huɗu da suka ɗauko wani sinadari mai fashewa da ɗan girgiza kaɗan, a manyan motoci biyu, kan hanya marar kyau. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Cannes na shekarar. Indiyawan da muke kwaikwayo ma, a 2020 Ivan Ayr ya yi Meel Patthar, a kan tsohon direban da baya ya fara ciwo, aka haɗa shi da yaro ya koya masa, shi kuwa ya san magajinsa yake rainon. Babu rawa a lambu, amma ka kalla ka ji ko zuciyarka ba ta motsa ba.

Na san abin da furodusoshinmu za su ce: hayar tirela tsada, 'yan kallo kuma soyayya suke so. To ai soyayyar tana ciki. Matar da take jiran miji sati uku tana sauraren ƙarar kowace mota da dare, in ba soyayya take yi ba me take yi? Batun tsada kuwa, kuɗin da ake kashewa wajen aron gidan bene da jerin motocin biki ya isa a tada tsohuwar 911 guda daga wani gareji. Kan mota, da titi, da 'yan wasa biyu da suka iya aikinsu, sun isa su riƙe mai kallo.

Kafin furodusa ya farka dai, akwai abin da ni da kai za mu iya. Kusan kowane gari daga Bebeji zuwa Doguwa yana da irin wannan majalisa. Ka sayi goro, ka je ka gaishe su, ka nemi izini ka kunna rikodar wayarka. Ka tambayi wace mota suka fara ja, wane ne maigidansu, wace hanya ce ta fi ba su wuya. Marubuta su zo su ɗauka daga nan. Madatsar Tiga tana nan, za ta jira mu, amma waɗanda suka zuba ƙasarta sun haura saba'in.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya ba na raye lafiya, ya kuma kiyaye na kan hanya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.