Taron Masana da Littafin da Ban Cika Ba

 

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a nan Assamakka, a bakin iyakarmu da Aljeriya. Ajina rumfa ce. Ɗalibaina masu lodin kamyo ne, da masu shayi, da makiyaya. A cikinsu akwai wani dattijo, tsohon jagoran ayari. Ya san rijiyoyi tun daga Ingal har Tamanrasat. Wata rana ya ji a rediyo cewa masana tarihi sun yi taro. Da ya zo aji, sai ya ce mini:

“Mushe, waɗannan mutane ba su shuka, ba su shayar da raƙumi. In sun taru, me suke yi?”

Aji ya fashe da dariya. Na ce, “Baba, zauna in gaya maka.” Amsar da na ba shi, ita zan ba ka yau.

Na taɓa shiga irin wannan taro a Yamai, lokacin da nake makarantar horon malamai. Kama yake da kasuwa, sai dai hajar da ake kasawa sani ne. Kowa yakan zo da abin da ya binciko. A ba shi kamar minti 20 ya karanta takardarsa. In ya gama, sai a rufe shi da tambayoyi. “A ina ka samo wannan magana? Wa ya gaya maka? Ina shaidarka?” Na ga wani shehun malami mai furfura, wata ɗaliba ta nuna masa ya yi kuskuren shekara. Bai yi fushi ba. Ya ɗauki alƙalami ya gyara, ya yi mata godiya. Bayan taro sai a tara takardun a buga littafi. Daga irin wannan littafi ake ɗebo abin da ake koya wa ƴaƴanmu a lakwal.

Akwai manyan tarurruka irin wannan a duniya. A birnin Oksfod na Ingila, masu binciken farkon addinin Kirista suna taruwa kusan duk bayan shekara 4, tun daga 1951. Masu binciken zamanin tsakiya, wato daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500, suna da taronsu a Kalamazu ta Amurka tun 1962. Suna da wani a Lids ta Ingila tun 1994. Na Lids ana yin sa a watan Yuli, kuma mutum fiye da 2,000 ke zuwa.

Dattijon nan ya girgiza kai. Ya ce, “To, mu ina ruwanmu da Ingila?”

Na ce, “Baba, ai har da zancen hanyarka suke yi a can.”

Ga misali na farko. Wannan hanya da kamyo ke bi daga nan zuwa arewa, in ka bi ta har ƙarshe, za ta kai ka bakin teku. A can akwai birnin Annaba. Wani babban malamin Kirista mai suna Ogustin ya yi limanci a wannan birni. An haife shi a shekara ta 354, a garin da yau ake kira Suk Ahras. Ya rasu a 430, tun kafin zuwan Musulunci. Ɗan Afirka ne, kuma har yau ana karanta littattafansa a jami'o'in duniya. A watan Afrilu na 2001 aka yi babban taro a kansa a Aljiyas da Annaba. Shugaban ƙasar na lokacin, Abdul'aziz Butafliƙa, shi ya buɗe taron. Malaman Musulmi da na Kirista suka zauna ɗaki ɗaya har mako guda. Kowa ya riƙe addininsa, kowa ya saurari ɗan uwansa.

Ga na biyu. Na tambayi dattijon, “Baba, yaya kuke kiran Babbar Salla da Tamajak?” Ya ce, “Tafaske.” To, masana harshe da yawa suna cewa wannan kalma ta fito ne daga Paska, sunan babban idin Yahudawa da Kirista. Ta shigo harsunan mutanen Sahara tun zamanin Rumawa. Da Musulunci ya zo, sai aka ɗora ta a kan sallar layya. Haka kuma a Abalesa, yamma da Tamanrasat, an buɗe wani kabari a 1925. Abzinawan Ahaggar suna cewa na kakarsu Tin Hinan ne. An sami ƙasusuwan mace da awarwaro na zinariya da na azurfa. An kuma sami tambarin kuɗin Sarkin Rum Kustantin, wanda ya ba Kirista damar yin addininsu a fili a shekara ta 313. Ka ga ke nan hamadar nan tamu hanya ce tun da daɗewa.

Na uku shi ya fi kusa da mu. A shekara ta 1353 wani matafiyi ɗan ƙasar Maroko, Ibn Battuta, ya sauka a wani birni mai suna Takedda. Ya ba da labarin cewa gidajen birnin na jan dutse ne. Ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, a narka shi a gida, a yi sanduna masu tsawon taƙi ɗaya da rabi. Sandunan su ne kuɗin garin. Masu kauri 400 ake ba da su a kan miskalin zinariya guda. Sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itacen wuta. Da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu, har da bayi. Ya ce ana kai ƙarfen Gobir da Barno. Shi kansa ya bar birnin cikin ayari mai ɗauke da bayi mata kusan 600. Tarihi ba ya ɓoye abin kunya. Bayan shekara ɗari da wani abu, Shehu Magili ya koyar a Takedda kafin ya wuce Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa.

Daga baya birnin ya mutu, har aka rasa inda yake. Masana suka shiga gardama. Wani Bafaranshe, Henri Lhote, ya ce ai Takedda ita ce Tegidda-n-Tesemt, inda ake yin gishiri. Ya ce gishiri matafiyin yake nufi, kuskure aka yi aka rubuta ƙarfe. Wasu suka ce ba su yarda ba. Daga 1973 zuwa 1975, Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi bincike a kufan Azelik, kusa da Tegidda, arewa da Ingal. Suka sami gutsattsarin jan ƙarfe, da ƴan tukwanen narka shi, da kufan masallatai. Suka kuma zauna da dattawan Ingal da na Tegidda. Dattawan suka ba su labarin da suka gada: kakanninsu a Azelik suke, Sarkin Agadas ya ci garin da yaƙi, waɗanda suka tsira suka koma aikin gishiri. Yau yawancin masana sun yarda cewa Azelik ita ce Takedda.

Ka lura da kyau. Shaida uku aka haɗa: tsohon littafi, da abin da ke cikin ƙasa, da bakin dattawa. Kamar murhu ne, in ka cire dutse ɗaya tukunya ta kife. Ka kuma lura cewa tun kafin a kafa Arlit a 1969 saboda uraniyom, ƙasar nan ta taɓa ciyar da birni da ƙarfenta. Ƙarfe ya tsaya, birni ya zama kufai. Mutanen Akokan, da aka rufe mahaƙarsu a 2021, sun san ɗacin wannan magana.

Da na kai nan, dattijon ya yi shiru. Can sai ya ce, “Ɗana, ashe abin da ke cikin kaina yana da daraja. Kawo littafi, in faɗa ka rubuta.”

Na sayi littafi mai shafi 100. Ranar farko ya ba ni sunayen rijiyoyi, da kwana nawa ke tsakaninsu, da tauraron da ake bi da dare. Muka cika shafi 2. Na ce masa sai gobe. Gobe ta zo, na ce ina da rahoton da zan aika Arlit. Jibi na ce akwai iska. Haka na yi ta jan ƙafa har wata 3. Da sanyi ya shigo, ciwon haƙarƙari ya kama shi. Kwana 6 ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa. Littafin yana cikin akwatina, shafi 98 fari fat. Laifina ne, ba na kowa ba.

A taron da na gani a Yamai, da Faransanci aka yi magana daga farko har ƙarshe. Ban ga jagoran ayari ko ɗaya a ɗakin ba. Wannan ya dame ni. Amma na san takarda tana shiga inda mai ita bai shiga ba. A Yamai akwai cibiyar IRSH, mai ajiye dubban tsofaffin littattafai na Larabci da na ajami, aikin da marigayi Bubu Hama ya ɗauka da muhimmanci. Akwai kuma CELHTO, wadda aikinta tattara tarihin baka ne tun 1968.

Saboda haka, ya kai mai karatu, ga roƙona. Yanzu hannunka ya iya alƙalami. Ka je wurin tsoho ko tsohuwar gidanku a daren yau. Ka rubuta sunan mai ba da labarin, da garinsa, da ranar da kuka zauna. Ka tambaye shi daga bakin wa ya ji. Ka rubuta yadda ya faɗa, kada ka ƙara gishiri. In akwai tsofaffin takardu a gida, ka naɗe su cikin tsumma mai tsabta, nesa da laima da gara, kada ka sayar wa baƙo. In ka ga kufai a daji, kada ka kwashe abin da ke wurin. Ka rubuta inda yake, ka sanar da mai gari.

In ka cika shafi ko da ɗaya ne, ka kai wa malamin ajinku a karanta wa jama'a. Wanda ya san wani abu dabam ya tashi ya faɗa, ya kawo shaidarsa. Mu a Assamakka mun fara yin haka kowace ranar Alhamis bayan la'asar.

Allah ya ba mu ikon yi. Wassalam.