Da jaka ya zo ko da tabarma?

Ranar da labari ya iso mana cewa Ahmed Musa ya koma Kano Pillars, muna zaune a ƙofar gida muna jiran kiran magariba. Watan Afrilu ne na 2021, farkon azumi. A garuruwanmu na Jazira, kamar sauran Sudan, a waje ake buɗa-baki: kowane gida ya fito da tirensa na asida da abre, duk mai wucewa a tare shi. Ɗana na biyu ya ɗaga waya ya ce, "Baba, kyaftin ɗin Najeriya ya dawo Kano." Kafin a tashi asham gardama ta kaure.

Kada ka yi mamaki, ɗan'uwa mai karatu, cewa mu da ke tsakanin Madani da Sinnar muna gardama kan ƙungiyar Kano, alhali yawancinmu ba mu taɓa ganin Kano ba. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa a ƙafa, wasu kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903 tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda garin Maiurno ya ci sunansa. Wasu suka tsaya tsinkar auduga don neman guzuri, neman guzurin ya zama zama. A ƙwallo kowannenmu ɗan Hilal ne ko ɗan Marrikh, amma ran da Najeriya ke wasa gari ɗaya muke. Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya ci Ajantina a 2014, da biyun da ya ci Iceland a 2018, a gidan kallon garinmu muka gan su, har makogwaro ya dushe.

Samari dai murna suka yi. Suka ce mutum ya buga wa CSKA ta Rasha, ya buga wa Leicester ta Ingila da Al-Nassr ta Saudiyya, sannan ya tuna da ƙungiyar da ya ci wa ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ai wannan ɗan halak ne. Maƙwabcina mai agashe bai yarda ba. Ya ce, "Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka taɓa ganin wanda ya koma ƙauye jarinsa na habaka? Tun Oktoba ya rabu da Larabawa, babu mai taya shi." Ya tuna mana yadda 'yan Hilal suka tada hankali lokacin da tsohon kyaftin ɗinsu Haisam Mustafa ya sa rigar Marrikh, ya ce soyayyar ƙwallo a wajen 'yan kallo kawai take.

Kawuna, wanda ko raga bai san inda take ba, yana gefe yana jan carbi. Da aka gaji sai ya ce, "Ku tambayo mini abu ɗaya. Da jaka ya zo ko da tabarma?" Muka yi dariya. Ya ce mai jaka idonsa na kan tasha, mai tabarma shi ake lissafawa ranar gyaran maƙabarta.

Cikin watan Yuli na shekarar Ahmed Musa ya tafi Fatih Karagumruk ta Turkiyya. Mai agashe ya yi sati yana tsokanar samari, ni ma na taya shi. A ganina a lokacin, wanda ya dawo ya sake tafiya ya ci amanar waɗanda suka tare shi.

Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. A Disamba ya iso Madani, inda shagona na riɗi da gyaɗa da yaji yake. Na sa kwado, na kwashi iyali muka yi kudu wajen dangi a yankin Sinnar, da can ma ta rikice a tsakiyar 2024 muka gangara Gadarif. Mai agashe bai tafi ba, don mahaifiyarsa ba ta iya hawa mota.

A Gadarif muke, a ɗaki ɗaya mu tara, aka ce Ahmed Musa ya sake komawa Pillars a Oktoban 2024, har ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu a wasansa na farko. Wannan karon a wajen mai shayi ba wanda ya ce ya tsufa ko ya rasa kasuwa. Hilal da Marrikh ma a lokacin gudun hijira suke, a gasar Muritaniya suke bugawa. Wani da muka taho tare ya kalli wayar ya ce, "Allah sarki, shi yana da gidan komawa." Ba wanda ya ƙara komai.

Hanyar Madani ta buɗe a Janairun 2025. Na tafi ni kaɗai bayan 'yan makonni. Na tarar da shago ba ƙofa, ko ma'auni ba a bar mini ba. A garinmu kuwa tarba aka yi mini ta ban mamaki: aka yanka kaza, tsofaffi suka riƙe hannuna suna hawaye. Da dare mai agashe ya dubi jakar da ke gefena ya ce, "Alhaji, ina Hajiya da yara?" Na ce suna Gadarif tukuna. Ya gyaɗa kai kawai. Kawu ya riga mu gidan gaskiya a lokacin da ba na nan, amma tambayarsa na ji a wannan shirun. Gaskiyar magana, na zo ne in karɓi bashi, in sayar da abin da ya rage, in koma.

Kasuwa ta ƙara koya mini. Matan da suka shekara 20 suna sayen yaji a wajena suka gaishe ni da fara'a, suka wuce wajen wani yaro da ya zauna cikin wuya yana ba su bashi lokacin da ba kuɗi. Raina ya sosu, amma da na yi tunani na ga ba su zalunce ni ba. Gaisuwar hakkin tsohuwar sabo ce, sun biya. Cinikin na wanda suka gani ne ranar yunwa. Nan na gane abin da 'yan kallo ke nufi in sun yi wa ɗan wasa tafi ranar dawowa, bayan wasa uku kuma su fara ƙirga masa ƙwallaye kamar baƙo. Na kuma ji kunyar dariyar da na yi a 2021, don ga ni da jaka a hannu, ina da dalilaina kamar yadda shi ma yake da nasa.

Shawarar dawowa ba ta yi sauƙi ba. Maiɗakina ta ce, "Alhaji, ba wuta, ruwa sai an saya, makarantar yara fa?" Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Mun yi wata uku muna juya maganar. Bayan babbar salla muka tattaro. Na sa wa shago ƙofa, na fara da buhu ɗaya na gyaɗa da rabin na riɗi, kusa da yaron nan da a da yake yi mini dako. Har yau bai gama dawo mini da mutanena ba, kuma ban ga laifinsa ba.

A watan Yulin 2025 aka naɗa Ahmed Musa babban manajan Kano Pillars, yana kuma ci gaba da buga wasa. Mai agashe ne ya kawo mini labarin da kansa. Ya ce, "To, wannan karon ya shimfiɗa tabarma. Yanzu duk ran da aka ci Masu Gida, shi za a zaga." Na ce ai zagin nan ba a yi wa baƙo.

'Yan'uwa da ke Gadarif, Kasala, Jidda ko Kano kuna lissafin dawowa: in da jaka za ku zo, ku faɗa wa mutane gaskiya tun ranar farko, ba laifi ba ne. In da tabarma ne, ku zo da haƙurin farawa daga mudu, kada ku riƙe kowa a rai don ya saba da wani. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa ɗakinsa.