Abin Da Ɗanmu Ya Sa Muka Karanta

Mu dai tun tasowarmu ba mu ɗauki keke a bakin kome ba. A ofis abin hawan masinja ne, a unguwa kuwa na yaron mai kanti. Saboda haka ran da ɗanmu ya ce a saya masa keken tsere, wai zai riƙa bin masu sukuwa a Wadi Hanifa da asuba, dariya muka yi masa, muka ce ya je ya yi ƙwallo kamar sa'o'insa. Yaro bai ce uffan ba, amma kwana uku bai sa hannu a akushi tare da mu ba. Ran na huɗu ya ajiye wayarsa bisa tabarma, ga hoton wani Bafaranshe, ya ce, "Baba, a daure a duba wannan." To, akawu ba ya ƙin karatu.

Sunan mutumin Daniel Morelon, an haife shi a Faransa cikin 1944. Tserensa ba na kan hanya ba ne, na cikin fage ne, watau wani zagaye mai gefe a tashe kamar cikin ƙwarya. Keken ba birki, feda kuwa ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. Mutum biyu ke karawa. Abin mamaki, ba da gudu su ke farawa ba. Sai su yi ta rarrafe, kowa na satar kallon ɗan'uwansa, har wani sa'i su tsaya cik bisa keke, ba ƙafa a ƙasa, kowa na so ɗayan ya wuce gaba ya tare masa iska. Sai an zo mita 200 na ƙarshe sa'an nan a ke yin ta. Kamar dai 'yan dambe ne, a yi ta zagaye kafin a kai hannu.

A wasannin Olamfik na Tokyo, 1964, ya zo na uku, yana da shekara 20. A Meziko, 1968, ya ci zinariya biyu, ɗaya shi kaɗai, ɗaya tare da Pierre Trentin bisa keke mai sirdi biyu. Ya ƙara wata a Munich, 1972. A Montreal, 1976, Anton Tkac ya sha gabansa, ya yi na biyu. Tsakanin 1966 da 1975 kuwa sau 7 yana zama zakaran duniya.

Amma ba wannan ne ya kama mu ba. Da ƙafa ta yi sanyi, sai ya koma bakin fage da agogo a hannu, yana horad da na baya a garin Hyères. Cikin almajiransa akwai Félicia Ballanger, wadda ta ci zinariyar Olamfik uku, 1996 da 2000. Ya haura sittin ya tafi ya koya wa mutanen Sin, har Guo Shuang ta zo ta uku a Beijing, 2008. Mu da muka yi shekaru a ofis mun ga gwanaye da dama waɗanda da su nuna wa sabon yaro yadda a ke jera fayil, gara su bar aiki da abinsu a ciki. Kada mu ɓoye, mu ma mun taɓa yi.

Muka tuna da ƙasar kakanni. Tun 2003 akwai irin wannan fage a Abuja, amma da Ese Ukpeseraye ta je Faris cikin 2024, sai da Jamusawa suka ara mata keken da ta hau. Lalle gini kaɗai ba ya tsaya wa yaro.

Mun dai sayi keken, na hannu, a kasuwar Batha. Uwarsa har yanzu ba ta saki fuska ba, don tsoron motocin garin nan, kuma ba mu ga laifinta ba. Saura mai koyarwa. In akwai wani cikinku da ya taɓa tsere da ƙuruciya, don Allah ya tsaya mana a ƙofar masallaci bayan Juma'a.