Yinin Hunturu A Tashar Jirgin Zariya

DUK wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya ya san ba a raba soyayya da tashar jirgin ƙasa. Ka tuna ƙarshen 'Dilwale Dulhania Le Jayenge' na 1995, inda Kajol ke sheƙa gudu a gefen jirgi, Shah Rukh Khan ya miƙo mata hannu daga ƙofar tarago? Ko rawar da ya taka a saman jirgi a 'Dil Se' na 1998? Hatta 'Sholay' na 1975 da isowar jirgi tasha aka buɗe shi. 'Yan fim ɗin Hausa sun ɗauko rawa, sun ɗauko waƙa, amma jirgin sun bar wa Indiyawa kayansu. Kullum lambu, kullum bakin dam, sai ka ce babu layin dogo a Arewa.

Abin nan ya daɗe yana ci wa wani matashi mai ɗaukar hotunan fosta a Kano tuwo a ƙwarya. Da aka dawo da jirgin fasinja na Legas zuwa Kano a Disambar 2012, bayan shekaru yana kwance, sai ya matsa wa wani furodusa lamba kan a ɗauki waƙar sabon fim ɗinsa a tasha. Furodusan ya ce, "Je ka kawo mini hoto in gani. In ya yi, to."

A cikin hunturun nan ya ari kyamara mai zuƙo nesa, ya shiga mota a Unguwa Uku bayan asuba, leɓe duk ya tsage, ya nufi Zariya. Me ya sa Zariya? Saboda mahaɗa ce. Layin da ya isa Kano a 1911 ta nan ya bi. Daga nan wani reshe ya ɓalle ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. A da ma akwai wani siririn layi da ke hawa Jos don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. Inda layuka suka haɗu, nan sigina ke da yawa.

Ya iske hazo ya rufe Sabon Gari ruf. Rana ta fito fara fat kamar faranti, ana iya kallonta ido da ido. Masu bidiyo ba sa son irin wannan yanayi, wai yana kashe kala. Amma ga mai hoto garaɓasa ce: babu inuwa mai kaifi, kuma ƙarfen dogo na miƙewa ya shige cikin hazo ya ɓace, kamar ba shi da ƙarshe. Matsalar ita ce ƙura. Duk bayan hoto biyu sai ya goge gilashi, ya cusa kyamarar cikin rigar sanyi.

Jirgi kuwa shiru. Wani ya ce da azahar, wani ya ce sai dai la'asar, mai shayi ya yi dariya ya ce shi ba ya yi wa jirgi alƙawari.

A teburin mai shayin ya haɗu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe da ya yi ritaya, ya naɗe kai da rawani saboda jaura. Da ya ji abin da ya kawo shi sai ya ce, "Yaro, jirgi ai baƙo ne, wucewa zai yi. Zo ka ga masu gida."

Masu gidan su ne sigina: dogayen turakun ƙarfe masu tsani, kowanne da jan hannu a samansa. Dattijon ya yi masa bayani dalla-dalla. In hannun ya miƙe sambal a kwance, direba ya tsaya ke nan. In ya karkata, hanya ta buɗe. A gindin hannun akwai gilasai biyu, ja da kore, da fitila a bayansu don dare. Babu lantarki a lamarin. Waya ce ta taho tun daga ɗakin sigina bisa 'yan ƙananan gargare, mutum ya ja liba da ƙarfin damtsensa, hannu ya motsa can nesa. Wayar ma tana jin hunturu: da sanyin asuba ta ɗame, rana ta yi zafi ta saki, dole a riƙa daidaita ta.

"To Baba, in wayar ta tsinke fa?"

"Yawwa! Ka ga wancan nauyin ƙarfen da ke jikin turken? Shi zai mayar da hannun kan 'tsaya'. Ko lalacewa ta yi, ba za ta ce wa direba ya taho ba."

Wannan magana ta shige shi. Ya kwanta rub da ciki a kan tsakuwa yana ɗaukar turken daga ƙasa, jan hannun ya tokare farar samaniya. Ya ɗauki tsatsa, ya ɗauki fasasshen gilashi, ya ɗauki wata akuya da ta ɗare kan layi abinta. Kafin la'asar ya kusa cinye batir, bai ga ko ƙeyar jirgi ba.

Sai dab da magariba aka ji kukansa daga kudu. Nan take tasha ta farka, masu tallar rake da dafaffen ƙwai suka yi caa. Fitilar kan jirgin ce ta fara huda hazo, sannan kore da ruwan ɗorawar jikinsa suka bayyana. Haske ya riga ya tafi. Hoto huɗu ya samu, uku sun yi dishi-dishi.

Furodusa ya duba, ya yaba, sannan ya yi lissafi irin nasu: wa zai biya jaruma da 'yan rawa su yini suna jiran jirgi? Aka ɗauki waƙar a lambu. Uzurinsa karɓaɓɓe ne, sai dai ya manta cewa turken sigina ba ya makara, kuma ba ya karɓar kuɗin lokeshin.

Tun daga lokacin abubuwa sun sauya. A 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna, mai faɗin milimita 1,435 maimakon 1,067 na tsohon, kuma siginarsa fitilun lantarki ne, ba su da hannu. Tsofaffin ƙarafan reluwe kuwa ɓarayi sun sa su gaba, ana sarewa ana kai wa masu awon gwangwan. Hoton jan hannun nan yana nan manne a bangon shagon matashin, tsakanin fostocin jarumai. Yaran da ke zuwa wankin hoto kan tambaye shi wane fim ne wannan, yaushe zai fito kasuwa.